Buhu Huɗu na Waken Iri

To, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau ba na zamanin da ba ne, babu aljani a cikinsa, babu dodo. Labarin wake ne buhu huɗu da aka barbaɗe da maganin ƙwari, suka kama hanyar tukunyar 'yan makaranta, da kuma mutum uku da suka tsaya tsakanin waken nan da bakin yara. Ku kasa kunne sosai, domin in na gama ku ne za ku yanke hukunci.

A wani gari mai babbar kasuwar hatsi akwai wata 'yar kasuwa, Hajiya Ladidi, wadda ta gaji sito daga mahaifinta. Sito ne babba mai rufin kwano da ƙofa biyu, ta gabas kaya ke shiga, ta yamma suke fita. Tana ajiye masara da gero da dawa, amma da wake aka fi saninta. Waken nata kashi biyu ne. Akwai na ci, wanda take kai wa makarantun kwana da asibitoci. Akwai na iri, wanda ake barbaɗa wa hodar magani mai ƙarfi, a jibge shi a ɗakin baya ya jira damina. Ido ba ya bambance su. Hanci ma ba ya taimakawa, don babu lungun siton da ba ya warin magani.

Da kaya suka fi ƙarfin littafi da biro, Hajiya ta sayi wata manhaja ta ƙasar waje. Manhajar ba ta motsi sai da sabis, ga shi kuwa da ka shiga ƙarƙashin kwanon nan sabis ya ɗauke. Ta san kwali, ta san kilo, ba ta san buhu da tiya ba. Turanci kawai take ji. Sati uku aka yi ana fama da ita, aka watsar.

A nan mutum na farko ya shigo. Nafi'u ɗan ƙanen Hajiya ne, ya karanta ilimin kwamfuta, ya yi shekara bakwai yana rubuta manhajoji a Kaduna kafin ya dawo gida da iyalinsa. Ya ce zai gina mata wadda ta dace da siton. Wata guda ya yi bai rubuta ko layi ɗaya ba, yana zaune a kan benci yana kallon yadda buhu ke shiga da fita. Daga nan ya duƙufa. Ya sa kowane buhu ya samu lambarsa, irin lambar nan mai layi-layi baƙaƙe da ake gani a jikin kwalin magani. Ana haska ta da kyamarar waya, wayar ta rubuta wane buhu ne, ƙarfe nawa ya fita, a motar wa. Ba ta buƙatar sabis. Wayoyin suna riƙe bayanin a cikinsu, in an kawo su ofis su juye a kwamfuta.

Doka ɗaya Nafi'u ya kafa wadda ya ƙi sassautawa: ba a goge komai. Hajiya tana sayar wa ƙananan 'yan kasuwa da tiya, saboda haka kullum ana farke wasu buhunan a nan cikin sito. In buhu ya ƙare, sai a haska lambarsa karo na ƙarshe, manhajar ta rubuta cewa wannan lamba ta mutu. In aka sake haska matacciyar lamba, wayar ta kurma ihu. Amma a makonnin farko fankon buhuna suna ko'ina, ana ta haska su bisa kuskure, waya tana ta ihu tun safe har la'asar.

Hajiya ta ce, "Nafi'u, ka kashe mini wannan kururuwar. Sito nake da shi, ba tashar mota ba."

Ya ce, "Gwaggo, ai kururuwar ce amfaninta."

Ta ce, "Kaina ne yake ciwo, ba naka ba. Ka kashe."

Ya kashe. Sai dai bai kashe rubutun ba. Ya buɗe wani shafi a kwamfutar ofis, ya sa masa suna Matattu. Duk lambar da ta mutu ta sake fitowa, wayar za ta bar buhun ya wuce shiru, amma sunansa zai faɗa wannan shafin.

Ta biyu ita ce Barira. Tela ce, ta yi shekara goma sha biyu tana sana'ar, ciwon baya ya raba ta da keken ɗinki, Hajiya ta ɗauke ta ta riƙe rajistar kaya. Lokacin da ta zo, aikin Nafi'u yana dab da rushewa, don takardun da yake maƙala wa buhuna ba sa kwana biyu. Zafin kwano yana narkar da gam, ƙura tana cin sauran, buhun leda kuma ba ya riƙe komai. Ya gwada gam kala huɗu. Barira ta ɗauki takarda ɗaya daga ƙasa, ta jujjuya ta, ta ce, "Injiniya, wa ya ce maka ana liƙa wa buhu abu? Ɗinkawa ake yi." Washegari ta kawo irin ƙyallen nan mai tauri da ake sa wa wuyan riga. Aka buga lambar a kansa, ta haɗa shi da bakin buhu, injin ɗinkin buhu ya bi ta kai. Tun daga ranar lamba ba ta sake faɗuwa ba. Ita ce kuma ta ce a raba launi: farin ƙyalle na waken ci, ja na waken iri.

Barira tana da wata ɗabi'a ta tela, ba ta yarda da ɗinki sai ta juya ta duba cikinsa. A duk siton ita kaɗai ce take buɗe shafin Matattu. Kowace safiya, kafin ta ajiye jakarta, sai ta leƙa. Wata bakwai tana leƙawa, ba ta taɓa ganin abin da ya wuce kuskuren hannu ba. Ta taɓa cewa ya kamata a riƙa yanke ƙyallen daga fankon buhu, aka ce za a fara bayan kaka. Kaka ta wuce, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Na uku shi ne Malam Tanimu, sarkin 'yan dakon siton, mutum mai shekara sittin da ɗoriya, wanda ya fara ɗaukar buhu tun mahaifin Hajiya yana raye. Mutum arba'in ke ƙarƙashinsa, kuma ranar farko su arba'in ɗin suka ce ba za su yi aiki da waya ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: mutum yana ɗauke da buhu a ka, a ce ya tsaya a bakin ƙofa wani yana laluben lamba. Malam Tanimu bai yi boko ba. Ya karɓi wayar, ya auna ta a tafin hannu, ya ce, "Injiniya, wannan jakin dawan naka, shi yake bin buhu ko buhu ne yake bin sa?" Sunan ya bi lambar, har yau haka suke kiranta saboda zanenta. Kwana uku ya yi a ƙofar yamma yana gwaji, sannan ya tsara yadda za a yi: kowa ya ɗauki buhu bakinsa na fuskantar dama, mai haskawa ya tsaya a kan wani dandamali, ɗan dako ya wuce ba tare da ya rage tafiya ba. Ya sa Nafi'u ya saka wa wayar murya da Hausa saboda waɗanda ba sa karatu. Da sarki ya riƙe waya, sauran suka riƙe.

Abu ɗaya ne Malam Tanimu bai gaya wa Nafi'u ba, ba don ɓoyewa ba, sai don bai ɗauke shi labari ba. 'Yan dako suna da al'ada. In buhu ya fashe a hannun ɗayansu, ba a barin hatsi a ƙasa, ba a kuma kai sunan ɗan'uwa ofis. Sai a jawo fankon da ya fi kusa, a juye, a ɗinke da basilla, a ci gaba da aiki. Juye suke ce masa. Haka suka tarar ana yi, kuma a zamanin littafi da biro bai taɓa cutar da kowa ba.

Wata Laraba da azahar ruwan farko ya sauko da iska. Malam Tanimu yana jana'iza a wani ƙauye. Rufin ɗakin baya ya fara yoyo a kan waken iri, 'yan dako suka ruga suna fitar da shi. Buhunan sun daɗe a jibge, huɗu suka fashe. Aka yi juye. Fankon da ke kusa masu farin ƙyalle ne. Aka ɗinke, aka jingine su a hanya, kusa da tarin waken ci. Da la'asar wasu 'yan dakon daban suka zo lodi, suka ga farin ƙyalle, suka ɗauka. Wayar ta haska, ta yi shiru. Motoci uku suka bar siton a ranar, kowace da inda ta nufa.

Alhamis da ƙarfe tara Barira ta buɗe shafin Matattu, ta ga lamba huɗu, duka sun fita ta ƙofar yamma. Wani zai ce kuskuren hannu ne kamar kullum. Ita ta lura cewa kuskuren hannu ba ya zuwa huɗu a jere cikin minti biyu a tsakiyar lodi. Ta tafi wurin tarin fanko, ta tone shi buhu-buhu, ta zaƙulo huɗu fasassu masu jan ƙyalle. Ta shiga ɗakin baya ta ƙirga waken iri. Manhaja ta ce sittin, idonta ya ga hamsin da shida. Ta dawo ofis ta shimfiɗa fasassun buhunan a gaban Hajiya, ta ce, "Hajiya, waken iri ya fita a matsayin na ci."

Hajiya ta ce, "Ina ya tafi?"

Wannan amsar Nafi'u ne ya bayar da ita. Ya bi tarihin lambobin huɗu, tun ranar da aka ɗinka su, da ranar da suka mutu, har jiya da ƙarfe biyar saura minti takwas da suka shiga motar da ta tafi wata makarantar kwana ta 'yan mata, buhu ɗari da ashirin. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki waya ɗaya, ya zuba mata lambobin huɗu, ya mayar mata da ihun da aka sa shi ya kashe. Cikin minti goma ya gama.

Aka kira direban, ya ce ya sauke kaya tun jiya. Aka kira mai kula da siton makarantar, lambar ba ta shiga. Aka kira shugabar makarantar, haka. Makarantar a cikin kwari take, sai an hau tudu ake samun sabis. Hajiya ta san jadawalin abincinsu, don ita ke kai kayan: ranar Alhamis shinkafa da wake ake yi da rana, ana ɗora tukunya ƙarfe goma sha ɗaya, yara ɗari shida su ci ƙarfe biyu. Ruwan jiya ya cinye ƙaramar gadar hanyar cikin dare, mota sai ta zagaya, tafiyar awa biyar.

Malam Tanimu ya tara mutanensa a ƙofar gabas. Ya ce, "Wa ya yi juye jiya?" Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ba kora ba ce, ba tara ba ce. 'Ya'yan mutane ne za su ci." Sai wani mai suna Isiyaku ya ɗaga hannu, ya ce shi ya ɗinke duka huɗun. Malam Tanimu ya ce, "Shi ke nan, na san ɗinkinka." Ya naɗe wayar da Nafi'u ya shirya a leda, ya cusa ta cikin hularsa, ya hau babur. Ya san wata hanya ta burtali da suke bi da jakuna yana saurayi, wadda ke ɓullewa wani mashigi inda rafin ke da faɗi amma ba zurfi. A bakin rafin ya jingine babur ɗin a gindin tsamiya, ya shiga ruwa har ƙirji, hannu ɗaya a kan hula. Sauran tafiyar a ƙasa ya yi ta.

Hajiya kuwa tana ofis, ba ta iya zama ba ta iya tsayuwa. A shekarar ta samu kujerar aikin Hajji, saura wata biyu a tashi. A gaban Nafi'u da Barira da 'yan dakon da ke bakin ƙofa ta ɗaga hannu ta yi bakance. Ta ce, "Ni na ce a kashe ihun nan. Ya Allah, in yaran nan suka tsira, na bar kujerata ga wanda ya tserar da su."

Ƙarfe goma sha biyu da rabi Malam Tanimu ya isa makarantar, laka har wuya. Sai da ya yi rantsuwa kafin mai kula da sito ya buɗe masa. Ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya yana haskawa. Wayar ta yi ihu sau uku, aka ware buhu uku. Na huɗu babu shi. Ya nufi kicin. Masu girki sun farke buhu uku da safe, sun yanke bakunansu, ƙyallayen sun tafi cikin murhu tare da shara. Tukwane uku suna tafasa, kowace da buhunta a yashe a gefe.

Shugabar masu girki, Iya Larai, ta tare shi da muciya a hannu. Ta ce, "Baba, daga wane kogin ka fito? Abincin yara ɗari shida zan zubar don wayarka ta yi kuka a sito? Ga buhunan nan, haska mu ji."

Ya ce, "Babu abin haskawa, kun ƙona."

Ta ce, "To, ka gani."

Ya durƙusa ya ɗauki fankon farko, ya bi gefen bakinsa da yatsa. Ramukan injin ne, ƙanana, a jere daidai. Na biyu ma haka. A na uku, a kusurwar da wuƙa ba ta kai ba, akwai ragowar zare mai kauri da ramukan basilla guda biyar, manya, sun karkata hagu. Ya miƙa mata duka ukun. Ya ce, "Iya, ke ma kin riƙe allura. Wannan inji ne, wannan inji ne. Wannan hannun mutum ne, kuma bahago. Isiyaku ne, shekara tara yana ƙarƙashina. Wace tukunya ce ta wannan?"

Iya Larai ta daɗe tana kallon ramukan. Sannan ta nuna ta tsakiya. Ta ce a sauke duka ukun, don muciya ɗaya ta shiga cikinsu. Aka haƙa rami bayan kicin aka binne. A ranar 'yan mata suka ci shinkafa da mai da yaji, suka yi ta guna-guni cewa an cinye musu wake.

Da labari ya dawo, Hajiya ta je wurin limamin unguwa ta tambayi hukuncin bakancenta. Ya ce abin da ta furta ya hau kanta. Kujera ɗaya ta ambata, mutum ɗaya ta ambata. Ba a raba kujera uku, kuma in ta sayar ta raba, ba abin da ta yi alkawari ba ke nan. Ta kira su ukun ta ce kowa ya faɗi abin da yake gani.

Nafi'u ya ce, "Gwaggo, da na goge matattun lambobi kamar yadda kowa yake yi, da Barira ba ta ga komai a shafi ba, don babu shafin. Da kuma ba mu san wace mota ba cikin uku. Amma ni ne na kashe ihun da hannuna, ina sane da amfaninsa."

Barira ta ce, "Shafi ba ya karanta kansa, Hajiya. Wata bakwai yana nan, mai shi ma bai buɗe ba. Kuma ba don jan ƙyalle ba, fasasshen buhu fasasshen buhu ne. Amma na ga haɗarin barin lamba a jikin fanko, na faɗa sau ɗaya na yi shiru."

Malam Tanimu ya ce, "Ni ban iya dogon zance ba. Su sun san inda waken yake, ni na je inda yake. Na huɗun ma ba waya ce ta gano shi ba. Amma juye namu ne, shekara arba'in ina ganinsa, ban taɓa gaya wa Injiniya ba."

Hajiya ta saurare su, ta sallame su. Kasuwa ta rabu uku. Masu shaguna suka ce Nafi'u, don shi ya gina abin da ya riƙe gaskiya a lokacin da aka ce a yi shiru. Matan da ke tsintar wake suka ce Barira, don ita kaɗai ta duba inda babu wanda ya sa ta, kuma da ta makara awa biyu da sauran aikin ya zama na banza. 'Yan dako da direbobi suka ce Malam Tanimu, don shi ya sa ransa a ruwa, shi ya tsaya gaban tukunya. Hukumar alhazai kuwa ta ba Hajiya kwana bakwai ta kawo sunan wanda zai maye gurbinta.

To, ga ku ga su. Wanda ya ƙi goge lamba, da wadda ta buɗe shafi, da wanda ya tsallake rafi ya karanta ramin basilla. Kowannensu ya cece su, kowannensu kuma yana da hannu a abin da ya kusa cin su. In kai ne Hajiya Ladidi, takarda na gabanka, layi ɗaya ne a kanta, sunan wa za ka rubuta?